Ƙaramar Tocila Mai Ƙwan LED: Sanin Batir da Kauce wa Haɗarinsa

Gabatarwa

A ƙarshen watan Oktoba na shekarar 2024, yawancin jihohin Arewacin Nijeriya sun shafe fiye da mako guda cikin duhu. Maɓarnata sun riga sun lalata layin wutar da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin Ugwuaji zuwa Apir, wanda aka jingina da shi, shi ma ya katse. A Unguwar Sarki, kamar sauran unguwannin Kaduna, mai tafiya sallar asuba a Masallacin Sultan Bello da ɗalibi mai bitar karatu da mai gadin shago duk sun koma ga ƙaramar tocila. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna wa mai karatu cewa ko da yake tocilolin nan sun yi kama da juna a ido, baturan da ke cikinsu iri-iri ne, kuma kowane iri yana da ƙa'idarsa da haɗarinsa.

Yadda Ƙwan LED Ke Aiki

Ƙwan tsohuwar tocila yana da siririyar waya wadda lantarki ke zafafawa har ta yi haske. Mafi yawan ƙarfin batir a wajen zafin yake ƙarewa. Shi kuwa ƙwan LED ɗan ƙwayar sinadari ne da ke mayar da lantarki haske kai tsaye. Nick Holonyak ya samar da mai jan haske a Amurka a 1962. Mai shuɗin haske, wanda daga gare shi ake samun fari, ya fito daga Japan a farkon shekarun 1990, kuma saboda shi ne Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka sami kyautar Nobel a 2014.

Farin ƙwan LED yana bukatar kimanin bolt 3 kafin ya kama. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin da batir ke tura lantarki da shi. Tun da batir na gama-gari bolt 1.5 yake bayarwa, sai a jera guda uku, kai da gindi, su ba da 4.5. Wani abin lura shi ne, ƙwan LED ba shi da ci. Yakan ci gaba da ba da ɗan haske ko da batir ya kusa mutuwa, don haka batir kan yi watanni a cikin tocila ba a leƙa shi ba. Daga nan ne matsala takan faro.

Busasshen Batir

Batir mai araha da ake samu a kowane tebur, irin su Tiger Head, gwangwaninsa na tutiya ne, da sandar kabon a tsakiya. Asalinsa yana komawa ga aikin Georges Leclanché na Faransa a 1866. Gwangwanin nan shi kansa yana cikin abin da batir ke ci yayin aiki. Wato gwargwadon amfani, gwargwadon yadda bangon ke sirancewa, har ya huje ruwan ciki ya tsiyayo ya cinye sifirin da ƙarafan tocila.

Na biyu shi ne batirin alkalain, wanda ya fi tsada kuma ya fi daɗewa. Ruwan cikinsa yana da kaifi irin na ruwan toka, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Idan ya tsiyaya yakan bar farin gari a bakin batir, kuma yana iya ƙona fata da ido. A cire irin wannan batir da leda a hannu, a goge wurin da auduga da ɗan ruwan lemun tsami, a bari ya bushe. Idan ya taɓa ido, a wanke da ruwa mai yawa na aƙalla minti 15, sannan a nufi asibiti.

Me ya sa aka hana haɗa sabon batir da tsoho? Dalili shi ne, lantarkin da ke ratsa baturan da aka jera guda ɗaya ne. Idan tsohon ya ƙare, sababbin za su ci gaba da tura lantarki ta cikinsa ta baya. Wannan yakan tara iska a cikinsa har ya kumbura ya tsage. Haka nan shanya mataccen batir a rana ko cizonsa da haƙori. Gaskiya ne zafi yakan ɗan farfaɗo da shi, amma na ɗan lokaci ne, kuma yana gaggauta tsiyaya. Busasshen batir kuma ba a yi masa caji.

Batura Masu Caji

Yawancin tocilolin roba masu araha da ake sokawa a bango suna ɗauke da ƙaramin batirin dalma mai bolt 4, ƙanen batirin mota. Abin da ya fi kashe shi shi ne a bar shi kwana da kwanaki babu caji. A yi masa caji da zarar haske ya fara dushewa, kada a kunna tocilar tana jikin wuta, kuma a zare ta idan an ɗauke wuta, domin dawowar wuta da ƙarfi takan ƙona ta.

Sai kuma batirin litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991. Wanda aka fi gani a tocila shi ne 18650, wato kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65. Yana aiki a kan bolt 3.7, kuma cikarsa 4.2. Idan caja marar kyau ta wuce da shi wannan iyaka, ko aka huda shi, ko maɓalli ko tsabar kuɗi suka haɗa kansa da gindinsa a aljihu, zai ɗauki zafi, zafin ya haifar da wani zafin, har ya kama da wuta. Saboda haka kada a yi masa caji a kan katifa, kada a bar shi cikin mota a rufe a zafin Maris da Afrilu, kuma a daina amfani da wanda ya kumbura ko rigarsa ta yage.

Mai saye a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ya lura da abu biyu. Na farko, batirin 18650 na kirki yawanci yana ɗaukar mAh 2,000 zuwa 3,500, nauyinsa kuma kimanin giram 45. Wanda aka rubuta wa 9,900 alhali ba shi da nauyi a hannu jabu ne. Na biyu, akwai batirin litiyam mai lamba 14500 wanda girmansa ɗaya da batirin AA, amma ƙarfinsa ya ninka na AA fiye da sau biyu. Idan aka sa shi a tocilar da ba a yi ta dominsa ba, zai ƙona ƙwan.

Batir Mai Kamar Maɓallin Riga

Tocilar da ake rataya wa makulli da ta wasan yara suna amfani da ƙananan batura irin na agogo, kamar LR44 da CR2032. Duk ƙanƙantarsu, su ne suka fi haɗari ga yara. Idan yaro ya haɗiyi ɗaya ya maƙale a hanyar abinci, miyau zai haɗa kansa da gindinsa, lantarkin ya samar da sinadari mai kaifi, wanda zai iya ƙona naman wurin cikin awa 2 kacal. Ko wanda ya daina kunna tocila yana iya yin wannan ɓarna.

Duk wanda ya yi zargin haka ya garzaya da yaron babban asibiti mai na'urar ɗaukar hoton ƙirji, kamar Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ko da yaron yana wasansa. Kada a sa shi amai. Idan ya haura shekara 1 kuma yana iya haɗiya, masana sun ba da shawarar a ba shi zuma cokalin shayi 2 duk bayan minti 10, har sau 6, a kan hanya. Zumar tana rage ƙuna ne kawai, don haka kada a tsaya nemanta a jinkirta tafiya.

Kammalawa

Mataccen batir ma yana bukatar kulawa. Kada a jefa shi a wuta ko a bola inda yara ke wasa, kuma a hana su fasa shi don neman baƙin garin ciki. Dalma guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda dalmar da ke cikin duwatsun zinariya ta hallaka yara fiye da 400, ya isa gargaɗi. A liƙe kan baturan litiyam da salatif, a tara su cikin roba mai murfi, nesa da hannun yara.

A taƙaice, mai karatu ya buɗe tocilarsa yau ya ga wane irin batir ne a ciki. Idan busasshe ne, ya riƙa sauya su gaba ɗaya, ya cire su idan zai ajiye tocilar. Idan mai caji ne, ya kula da caja da zafi. Idan ƙarami ne, ya tabbata murfinsa a ɗaure yake da kusa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.