DAGA NIYYA ZUWA CIKAWA: DARASI A KAN AZAMA DA DAWWAMA

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Ubangijin talikai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, kowace shekara idan azumi ya wuce, mutane sukan zo mana a masallaci nan Issawane da kyawawan ƙudurori. Wannan ya ce bana zai sauke Alƙur'ani. Wancan ya ce bana ba zai sayar da hatsinsa da kaka ba. Wani kuma ya ce zai fara ajiyar kujerar Makka. Kafin wata uku su cika, allo ya koma rataye, rumbu ya buɗe baki, ajiya ta tafi wajen biki. Mu ma ba mu tsira ba: muna ɗalibai a madarasa mun ɗaura niyyar hardace Alfiyyar Ibnu Malik cikin rani guda, muka ɗauki baiti ashirin a yini, ba mu kai ga ɗari biyu ba muka ajiye. Wannan darasi tunatarwa ce gare mu kafin waninmu.

Bambancin guri da azama

Malamai sun rarrabe tsakanin guri da azama. Guri shi ne son abu ba tare da riƙon sababinsa ba. Azama kuwa niyya ce da aka yanke, aka sa mata gwargwado da lokaci. Hadisin Sayyidina Umar, wanda Imam Buhari ya buɗe littafinsa da shi, ya karantar da mu cewa sakamakon aiki yana rataye ga niyyarsa. Amma niyya iri ce. Irin da aka bari cikin ƙwarya ba ya zama dami. A cikin Suratun Nahli Allah Ya hane mu da zama kamar macen da take warware zarenta bayan ta kaɗa shi ya yi ƙarfi. Ayar ta zo ne a kan warware alkawari, kuma akwai izina a cikinta ga duk mai fara aiki ya rushe shi da hannunsa.

Sharaɗi na farko: a gyara dalili

Mutum ya tambayi kansa: don wa nake son wannan abu? Wanda ya nufi a kira shi Alhaji ko Alaramma, ƙarfinsa yana ƙarewa ranar da idon mutane ya kau. Wanda ya nufi yardar Allah, ko da neman abincin iyalinsa ne, aikinsa ya zama ibada, kuma Wanda yake yi dominSa ba Ya gafala. Sannan ya haɗa ƙudurinsa da in sha Allahu, kamar yadda Suratul Kahfi ta umurta, ba irin in sha Allahun da ake sallamar mai bin bashi da ita ba.

Sharaɗi na biyu: a sa masa adadi

Abin da ba a ƙidaya ba, ba a sanin ranar da ya ragu. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni 8, jimla sumuni 480. Wanda ya karanta sumuni 2 bayan kowace sallar farilla zai sauke cikin kwana 48. Wanda ya hardace sumuni 2 a mako zai kammala cikin mako 240, wato ƙasa da shekara biyar. Magidanci da yawa sun fi shekara ashirin suna cewa lokaci ya wuce musu. Da sun fara ranar da suka soma faɗin haka, da yau su ne ke ja mana baƙi a tafsiri.

Haka sha'anin gida. Gidan da ke cin tiya 2 a yini yana bukatar tiya 730 a shekara, kimanin buhu 18. Maigidan da ya yi wannan lissafi ranar da ya ɗaure damminsa, ya fitar da zakka, ya ware iri, shi ya san abin da ya halatta ya kai kasuwar Tasawa ko ta Mayahi. Wanda bai yi ba, shi ne zai sayar da arha da kaka, ya dawo ya saya da tsada da damina, wani lokaci ma da bashin da ba ya rasa riba a ciki. Kuma mai ajiye dala ashirin kullum, a shekara yana da jikka 36 da rabi.

Sharaɗi na uku: kaɗan mai ɗorewa

Uwar muminai Nana A'isha ta ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Sahabi Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi ya ɗora wa kansa azumi da karatu masu yawa yana saurayi. Annabi (SAW) ya yi ta rage masa, shi kuwa yana cewa zai iya fiye da haka. Da tsufa ya zo, sai ya yi fatan da ma ya karɓi sassaucin. Kuskurenmu da Alfiyya ke nan: da baiti uku muka ɗauka a yini, da mun gama cikin shekara guda.

Mu dubi magabata. Imam Buhari ya shekara 16 yana tattara Sahihinsa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Gobir a 1754, ya fara wa'azi yana da shekara ashirin, ya yi kusan shekara talatin yana karantarwa gari-gari kafin hijirarsa zuwa Gudu a 1804. Mutane suna tuna ƙarshen al'amarin, suna manta shekarun haƙuri da suka gabace shi.

Izina daga gonakinmu

Ba sai mun je nesa ba. Dattawanmu sun ga yunwar 1984, lokacin da gonakin jihar Maraɗi suka zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi har sai an sake shuka sau biyu ko uku. A waɗannan shekaru ne wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ake sarewa kowace shekara saiwarsu tana raye. Daga nan aka faɗaɗa abin da muke kira sassaben zamani: manomi ya zaɓi tofo mafi ƙarfi a kan kututturen sabara ko kalgo ko gawo, ya datse saura, ya kiyaye shi daga gatari da bisashe. Da farko an yi wa masu yinsa dariya, ana cewa gonarsu ƙazama ce. Amma ƙauyuka irin su Ɗan Saga sun dage, har masu bincike suka ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a kan eka-eka da suka kai hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Ku lura, ya ƴan'uwa: babu wanda ya wayi gari ya ga kurmi. Kowane manomi tofo kaɗan ya zaɓa, ya yanke saura, ya koma kansa shekara bayan shekara. Haka ƙuduri yake. Mai ƙuduri goma a lokaci guda kamar kututture ne mai tofo goma, babu wanda zai zama itace. A zaɓi ɗaya ko biyu, a datse saura.

Sharaɗi na huɗu: shaida da hisabi

Almajiri ba ya wanke allo sai malam ya saurare shi. Kowa ya nemi wanda zai riƙa tambayarsa: malami, ko amini, ko matarsa. Mata sun riga mu gane wannan a cikin adashi, inda kunyar ƴan'uwa take hana fashin zubi. An kuma ruwaito daga Sayyidina Umar kira zuwa ga yi wa kai hisabi tun kafin ranar hisabi. Muna ba da shawarar daren Juma'a: mutum ya zauna, ya duba abin da ya ɗauka da abin da ya cika.

Idan aka yi fashi fa? Rashin lafiya, baƙi, noma da ci-rani duk suna yanke aiki. Dabarar Shaiɗan ita ce ya ce tun da ka fasa kwana uku, bar shi sai baɗi. Amsa ita ce a koma washegari daga inda aka tsaya. Saiwa tana raye ko an sare kai.

Aikin wannan mako

Kowane mai karatu ya rubuta abu guda, da boko ko da ajami: me na nufa, nawa a yini, zuwa yaushe, wa zai tambaye ni. Limamai da malaman makarantun dare su taimaki wanda bai iya rubutu ba. Sannan a ɗaure raƙumi a dogara ga Allah, kamar yadda Annabi (SAW) ya shiryar da mutumin da ya tambaye shi.

Allah Ya ba mu ikon farawa da ikhlasi, da dawwama da haƙuri, da cikawa da imani. Ya sa albarka a gonakinmu da zuriyarmu. Amin.