Debewa da Aro: Inda Yaranmu Ke Tuntuɓe a Lissafi

Iyaye da 'yan'uwana malamai, a aikina na koyar da lissafi a aji biyu da aji uku na firamare, akwai kuskuren da kusan kullum nake cin karo da shi a littattafan yara. A ce wa yaro ya debe 27 daga 52, sai ya rubuta 35. Wannan ba daƙiƙanci ba ne. Ya duba ya ga 7 ba za ta fita daga 2 ba, sai ya juya ya cire 2 daga 7 ya sami 5, ya cire 2 daga 5 ya sami 3. Alhali amsar 25 ce.

Tushen matsalar, yaron bai gane cewa 5 ɗin da ke cikin 52 hamsin ce ba. Muna saurin sa shi ya haddace "soke wannan, ari ɗaya" tun bai san abin da yake arowa ba.

Maganin yana cikin tsintsiyar gida. A ɗaure tsinke goma-goma da zare. 52 ta zama ɗauri biyar da tsinke biyu. Ka ce ya cire bakwai. Da kansa zai ga dole ya kwance ɗauri guda. Yanzu yana da ɗauri huɗu da tsinke 12. Ya cire bakwai saura biyar, ya cire ɗauri biyu saura biyu: 25. Sai hannunsa ya saba da kwancewa sannan a koma kan allo.

Inda aka fi shan wahala shi ne sifili, kamar a debe 158 daga 403. Gidan goma ba komai, don haka a je gidan ɗari: 4 ta koma 3, gidan goma ya sami 10, ya ba da ɗaya ya rage 9, 3 ta gidan ɗaya ta zama 13. Amsa 245.

A kuma koya masa tantance aikinsa da tarawa. 35 da 27 sun ba da 62, ba 52 ba. Nan take zai kama kuskurensa.

Don Allah iyaye, in yaro ya kawo amsar da ba daidai ba, a ajiye bulala, a tambaye shi, "Yaya ka yi ka sami wannan?" Daga bakinsa za ku ji inda gyaran yake. Allah Ya albarkaci karatun yaranmu.