Kafin Ka Buga Fasta

Ɗana, labari ya iso mini cewa kana shirin fitowa takarar kansilan mazaɓarmu. Allah Ya sa alheri ne ke kiranka. Ban ga laifinka ba, don shekarunka sun kai, karatunka ya isa, unguwa kuma ta shaide ka da zumunci. Amma kafin ka kai hotonka wurin masu buga fasta, zauna mu auna kujerar tukuna.

Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, zamanin mulkin soja na Obasanjo, manufar ita ce a kawo gwamnati kusa da talaka. Yau akwai ƙananan hukumomi 774 a Najeriya. Jiharmu ta Kano tana da 44, da mazaɓu 484, ka ga ke nan in ka ci, kai ɗaya ne cikin kamar mutum goma sha ɗaya a zauren majalisa. Baitulmali ba a hannunka yake ba, ciyaman ke sa hannu a fitar da kuɗi. Naka shi ne duba kasafi, yin ƙananan dokoki, da bin sawun aiki a ga an yi ko ba a yi ba. Abin da tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kuwa sananne ne: kasuwa, tashar mota, mahauta, maƙabarta, kwashe shara, magudanan ruwa, da sa hannu a harkar firamare da asibitin sha-ka-tafi.

To, kada zaƙin tafi ya ɗebe ka ranar taro ka ce za ka kawo kwalta, ko ka sama wa kowane matashi aikin gwamnati. Sanata in ya yi irin wannan alƙawari, sai ya shige Abuja a daina ganinsa. Kai ina za ka shige? Masallacinku ɗaya da mutanen nan. Kana sallame Asuba za ka tarar da layi a ƙofar gida: ga dattijuwa da takardar magani a ƙudundune a bakin mayafi, ga mai bikin suna jibi babu rago, ga samari sun zo kan taransifomar da ta ƙone. Albashin kansila ba zai ɗauki rabin wannan ba. Gara ka zaɓi abu biyu da ka san za ka iya tsayawa a kansu, ko da kwalbatin bakin kasuwa ne da rijiyar burtsatsen da ta shekara a lalace, ka faɗe su a fili. Wanda ya zo da abin da ya fi ƙarfinka, ka gaya masa gaskiya da sakin fuska, in da hali ka raka shi ofishin da ya dace da ƙafarka. Mutanenmu suna riƙe rakiya fiye da yadda 'yan siyasa ke zato.

Za a ce maka ai kuɗi sun kusa yawaita, tunda a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Hukunci ne mai kyau, na yi murna da shi. Sai dai kada ka ci bashi a kansa.

Batun bashin nan ma ya fi damuna. Dokarmu ba ta yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, dole sai ta hannun jam'iyya. Zaɓen kuma ba INEC ke yinsa ba, hukumar zaɓe ta jiha ce, kuma kowa ya ga yadda jam'iyyar gwamna ke lashe kusan komai a yawancin jihohi. Sau tari ma a wurin maslaha ake gama magana, tun ba a kai ga akwati ba. Saboda haka kada ka ci bashi ko ka sayar da kadara don takarar nan, gonar gadon nan taku ba ta cikin lissafi. Wanda ya ce zai saya maka fom, tambaye shi tun yanzu me yake so a madadinsa, a gaban shaida. 'Yan jagaliya kuma, don Allah, ka nisance su. Yaron da ka saya wa ƙwaya don ya yaga fastar wani, ƙanin wani ne a layinku.

Abokin takararka ma ɗan unguwa ne, matarsa da taka suna haɗuwa a gidan biki. Ka soki aikinsa in akwai abin suka, ka bar iyayensa da asalinsa. Ka je ka gaida mai unguwa da liman don girmamawa, amma kada ka nemi su ɗaga hannunka, na kowa ne su. Sannan ka zauna da mahaifiyarka da maiɗakinka ka ji ta bakinsu, domin su ne za su riƙa dafa wa baƙin nan abinci. In sun amince, ka zo mu je wurin shugaban jam'iyya na mazaɓa tare.