Asali da Ma'anonin Kalmar "Whip" a Harshen Majalisa

Tsakure

Wannan muƙala ta bi diddigin kalmar Ingilishi "whip", wadda kafafen yaɗa labarai na Hausa ke fassarawa da "bulaliyar majalisa". An nuna cewa daga fagen farauta kalmar ta shigo siyasa, kuma ma'anoni uku take ɗauke da su, waɗanda fassara ɗaya ba ta wadatar da su.

1.0 Asalin Kalmar

A Ingilishin yau da kullum, "whip" na nufin bulala. Sai dai ba daga bulalar kai tsaye sunan muƙamin ya fito ba. An gutsuro shi ne daga "whipper-in", sunan mataimakin shugaban mafarauta a farautar yanyawa da attajiran Ingila suka riƙa yi a da bisa dawaki. Aikinsa shi ne hana karnuka warwatsewa. Duk karen da ya ratse, sai ya kaɗa masa bulala ya komo cikin 'yan'uwansa.

A shekarar 1769, yayin wata muhawara a Majalisar Wakilan Birtaniya, Edmund Burke ya aro wannan hoto domin siffanta yadda gwamnati ta tattaro magoya bayanta su zo su jefa ƙuri'a. Sannu a hankali siffantawar ta zama sunan muƙami. Amurka ta ɗauki tsarin daga baya: jam'iyyar Republican ta naɗa James Tawney a Majalisar Wakilai a 1897, jam'iyyar Democrat kuma ta naɗa J. Hamilton Lewis a Majalisar Dattawa a 1913.

2.0 Ma'anoninta Uku

Ma'ana ta farko ita ce mutum: ɗan majalisar da jam'iyyarsa ta ɗora wa alhakin tabbatar da cewa 'ya'yanta sun halarci zama, sun kuma jefa ƙuri'a yadda ta tsara. Shi ne kuma ke kai koken ƙananan wakilai ga shugabanni.

Ta biyu ita ce takardar umarni da ake aika wa wakilai kowane mako a Birtaniya. Akan ja layi a ƙarƙashin kowane batu gwargwadon nauyinsa. Layi ɗaya roƙo ne, layi biyu buƙata ce mai ƙarfi, layi uku kuwa tilas ne, saɓa masa na jawo hukunci.

Ta uku ita ce zama ɗan jam'iyya a cikin majalisa. Idan aka ce an janye wa wakili "whip", ana nufin an fitar da shi daga sahun jam'iyyar, amma kujerarsa na nan. Haka ta faru a watan Satumba na 2019, lokacin da gwamnatin Boris Johnson ta hukunta wakilai 21 na jam'iyyar Conservative saboda sun bijire mata kan batun ficewa daga Tarayyar Turai. Cikinsu har da Nicholas Soames, jikan Winston Churchill.

3.0 Matsalar Fassara

"Bulaliyar majalisa" ta samu karɓuwa saboda gajarta da armashinta, amma tana da rauni uku. Na farko, ta ɗauki makami ta bar mai riƙe da shi, har ta haifar da saɓanin jinsi a jumla irin "bulaliyar majalisa ya ce". Na biyu, ta jingina muƙamin ga majalisa, alhali a asalinsa na jam'iyya ne. Shi ya sa masu rinjaye ke da nasu, marasa rinjaye ma da nasu. Na uku, ba ta aiki a sauran ma'anonin biyu. Mai fassarar da ya rubuta "an janye masa bulala" zai sa mai karatu ya zaci sassauci aka yi wa wakilin, alhali korarsa aka yi.

"Mai tsawatarwa", wadda wasu kafafe ke amfani da ita, ta fi kusa da manufa, domin ta dawo da mutum cikin sunan.

4.0 Kammalawa

Tarihin kalmar ya nuna cewa tattarawa ce jigonta, ba duka ba. Don haka ya kyautu a ware kowace ma'ana da lafazinta: "mai tsawatarwa na jam'iyya" ga mutumin, "takardar umarnin jam'iyya" ga saƙon, sannan "dakatarwa daga jam'iyya" ga hukuncin. Muhallin da kalmar ta fito shi zai nuna wa mai fassara wadda zai ɗauka.