Ɗamarar Matuƙi Da Ta Fasinja A Jirgin Sama

Kowace shekara mutane da yawa daga gundumominku suna shiga jirgin sama, musamman mahajjata. Wasu sukan tambaya, don me ɗamarar matuƙi ta fi ta fasinja? Ga bayani, domin hakimai da malamansu su fahimtar da jama'a.

1. Ɗamarar fasinja ɗaya ce, a ƙugu take kamawa, an kafe ta a gefe biyu na kujera. Da an ɗaga murfin ƙarfenta sai ta buɗe.

2. Ta matuƙin babban jirgi kuwa reshe biyar gare ta: biyu a kafaɗu, biyu a ƙugu, ɗaya tsakanin cinyoyi don kada ya zame ta ƙasa. Duka suna haɗuwa a makulli guda, wanda in an murɗa sai su saki gaba ɗaya. Na kafaɗu sukan bar shi ya miƙa hannu a hankali, amma da an fizge su sai su ƙage.

3. Dalilin bambancin aiki ne, ba girma ba. Mai riƙe da linzami ba ya rabuwa da likkafa. In iska ta girgiza jirgi, tilas matuƙi ya tabbata a mazauninsa, gama ran kowa yana hannunsa, gabansa kuma ƙarafa ne. Ran 10 ga Yuni 1990 gilashin gaban wani jirgin British Airways ya fice a sararin Ingila. Kyaftin Tim Lancaster ya riga ya sassauta ɗamararsa, sai iska ta fizge shi, rabin jikinsa ya fita waje. Ma'aikata suka riƙe ƙafafunsa har mataimakinsa ya sauke jirgin. Da ƙyar ya sha.

4. Fasinja kuwa bayan kujera ne a gabansa, in ya sunkuya ya tsare kansa. Babbar bukatarsa ita ce fita da hanzari. Ba a yarda da sabon samfurin babban jirgi sai an tabbatar mutane duka za su iya fita cikin daƙiƙa 90, rabin ƙofofi a rufe. Saboda haka aka yi tasa mai sauƙi, yaro da tsoho su iya kwancewa.

5. Kada sauƙin nan ya sa a raina ta. Ran 21 ga Mayu 2024 iska ta girgiza jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan, waɗanda ba su ɗaura ba suka bugi rufi, da dama suka ji mummunan rauni.

Ana roƙon hakimai su gargaɗi matafiya da abu uku: a ɗaura ta ƙasa da cibiya, ba bisa ciki ba, a tattara babbar riga, kada ta rufe ƙarfen, a bar ta a ɗaure muddin ana zaune, ko da fitilar gargaɗi ta mutu. Rigakafi ya fi magani.