GIGIN TSUFA CUTA CE, KUMA TANA DA RIGAKAFI

Mutane da yawa suna tsammani duk wanda ya tsufa lalle ne hankalinsa ya rikice. Ba haka ba ne. Gigin tsufa cuta ce mai kama ƙwaƙwalwa, har mutum ya manta sunayen 'ya'yansa, ko ya ɓace a unguwar da aka haife shi. A waɗansu wurare idan tsohuwa ta fita da dare tana sambatu, sai a ce mayya ce, a bi ta da jifa. Wannan kuwa zalunci ne, gama ba ta da lafiya ne.

Asalin Cutar

Cikin shekarar 1906 wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya duba ƙwaƙwalwar wata mata da ta mutu da wannan cuta, ya tarar da waɗansu abubuwa sun dunƙule a cikinta. Irin da aka sa wa sunansa ita ta fi yawa, watau kashi 60 zuwa 70 cikin 100. Wata irin kuma daga toshewar hanyoyin jini take zuwa, musamman bayan shanyewar ɓarin jiki.

Rigakafi

A 2024 kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 masu jawo cutar, ya ce in an kawar da su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100. Ga abin da ya kamata mutum ya kiyaye tun yana da ƙarfinsa:

1. Ya riƙa zuwa awon jini. Hawan jini ba ya sallama, a ɓoye yake ɓarna.
2. Ya rage gishiri da maiƙo, ya kula da ciwon sukari.
3. Ya bar taba da giya.
4. Ya riƙa tafiya a ƙasa, ko wani aikin motsa jiki.
5. Ya nemi magani in ji ko gani ya ragu.
6. Kada ya bar karatu da zumunci. Ilmin da aka ba yaro ma garkuwa ce gare shi a tsufansa.

Magani

Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da cutar ba. A 2023 Amurka ta yarda da wani magani, lecanemab, amma rage saurinta kawai yake yi, ga tsada, kuma sai a farkon ciwo yake amfani. Duk da haka a kai tsoho asibiti da zarar an ga alama, domin wata mantuwar daga ƙarancin bitamin B12 take, ko tsananin baƙin ciki, waɗannan kuwa suna jin magani.

Wanda cutar ta riga ta kama, a yi haƙuri da shi. Kada a yi masa tsawa ko gardama, kada kuma a bar shi shi kaɗai kusa da wuta ko rijiya. Da ma shi ya yi renon masu renonsa yau.