Inshora Ba Ta Bin Mota: Abin da Mai Sauya Mota a Rogo Ya Kamata Ya Sani

Inshorar mota yarjejeniya ce tsakanin kamfani da mutum ɗaya a kan mota ɗaya. A jikin takardar akan rubuta sunan mai motar, lambarta, lambar shasi, irin aikin da za ta yi, da ranar da kariyar za ta fara da ranar da za ta ƙare. Da zarar mai motar ya canza, ko motar ta canza, abin da aka ƙulla yarjejeniyar a kansa ya gushe. Wanda ya sayar da tsohuwar Golf ɗinsa ya sayi Sharon, inshorar Golf ba ta rufe Sharon ba, ko da saura wata takwas ta ƙare. Shi ma wanda ya sayi Golf ɗin bai gaji inshorarta ba, duk da an miƙa masa takardar tare da makulli.

A nan ne masu aikin inshora suka fi ganin mutane suna faɗawa rami, musamman a garuruwa irin su Rogo da Karaye, inda yawancin cinikin mota na hannu ne, tsakanin maƙwabta ko ta hannun dillali. A yi ciniki, a yi musafaha, a damƙa wa mai saye leda cike da takardu, ya cusa ta a aljihun gaban mota. Ba zai sake buɗe ta ba sai ranar da jami'i ya tsayar da shi, ko ranar da tsautsayi ya afka. A ranar ce zai gane cewa sunan da ke jikin takardar na mutumin da ya rabu da motar ne tun bara, kuma kamfani ba shi da wata alaƙa da shi.

Wajibcin inshorar ya daɗe. Dokar da ta tilasta inshorar da ke biyan ɓarnar da mota ta yi wa wani tun 1945 aka kafa ta. Dokar Inshora ta 2003 ta ƙarfafa ta, ta tanadi tarar naira 250,000 ko ɗaurin shekara guda ko duka biyun, kuma sabuwar dokar da ta maye gurbinta a 2025 ba ta ɗage wajibcin ba. Daga 1 ga Fabrairu 2025 rundunar 'yan sanda ta shiga tilasta ta a faɗin ƙasa. Kuɗin kuwa hukumar kula da harkokin inshora, NAICOM, ce ke yanke shi. Daga 1 ga Janairu 2023 motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, abin da kamfani zai biya na ɓarnar dukiyar wani kuma ya tashi daga miliyan ɗaya zuwa miliyan uku. Babbar motar ɗaukar kaya naira 100,000 ce, mai ƙafa uku 5,000, babur 3,000. Wannan ƙaramar inshorar ba ta gyara motar mai ita. Wanda aka buge, ko aka lalata wa shago ko abin hawa, shi take biya.

Matakin farko ga mai sauya mota shi ne ya sanar da kamfaninsa tun kafin ya karɓi sabuwar. Hanya biyu ce a gabansa. Ko dai kamfanin ya yi masa takardar gyara, ya cire tsohuwar motar ya sa sabuwa a sauran kwanakin shekarar, ko kuma a yanki sabuwar inshora daga farko. A ƙaramar inshora, yankar sabuwa ta fi sauƙi, kuma ita aka fi yi. A cikakkiyar inshora, wadda ke biyan ɓarnar motar kanta da gobara da sata, lissafin ya fi nauyi, domin kuɗinta bai gaza kashi biyar cikin ɗari na darajar motar ba. Motar naira miliyan takwas inshorarta ba za ta yi ƙasa da naira 400,000 ba. Wanda ya biya irin wannan kuɗi a kan tsohuwar mota ya sayar da ita a tsakiyar shekara, bai kamata ya bar ragowar ya tafi a banza ba. Kamfani zai iya lissafa kwanakin da suka rage ya ɗora su a kan sabuwar, mai motar ya cika bambancin, ko a soke yarjejeniyar a mayar masa da wani kaso bisa sharuɗɗan da ke rubuce, muddin bai karɓi diyya a shekarar ba. Wanda ya yi shekaru bai nemi diyya ba ya tambayi rangwamen da akan yi wa irinsa, don tarihin tuƙinsa nasa ne, ba na motar da ya sayar ba.

Lokaci shi ne abin da aka fi sakaci da shi. Mutumin Rogo yakan sayo mota a Kano, ya kamo hanya da ita da yamma, tafiyar sama da kilomita ɗari, da niyyar gyara takardu "in an kwana biyu". Wannan tafiyar ta farko ita ce mafi haɗari: direba bai saba da birkin motar ba, bai san yadda take shan kwana ba, ga babura da masu tura kaya da dabbobi a bakin titi. Kuma ƙa'idar da kamfanoni ke aiki da ita a fili take: in ba a biya ba, babu kariya. Alkawarin wakili a waya cewa gobe zai kawo takarda ba inshora ba ne. Idan motar ba ta samu lamba ba tukuna, kamar 'yar Kwatano da aka shigo da ita, kamfanoni da dama kan yanka da lambar shasi, daga baya a ƙara lambar rajista. Dole ne a koma a ƙara ɗin, domin da lambar mota jami'ai ke bincike a hanya.

Sai batun aikin da motar za ta yi, wanda a yankin noma irin wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ana yankar inshorar motar gida saboda arha, alhali motar ranar kasuwa fasinja take ɗauka daga Fulatan ko Zarewa, da kaka kuma buhunan masara take jigila, ko ta ɗauki rake zuwa Makarfi. Idan hatsari ya faru tana cikin haya, kamfani na da hujjar ƙin biya, tunda ba abin da aka faɗa masa ke nan ba. Bambancin kuɗin bai kai asarar ba ko kusa. Haka ma darajar mota a cikakkiyar inshora: wanda ya rage ta don ya biya kaɗan, ranar biyan diyya shi ma za a rage masa gwargwadon abin da ya rage.

Takardar bogi ta zama ruwan dare, kuma lokacin sauya mota ne ta fi shiga hannun mutane, domin akan ba wa ɗan tsakani kuɗi dunƙule ya haɗo komai, lasisin mota da shaidar lafiyarta da canjin mallaka da inshora. Abin takaici ne a ga dattijo ya fito da takarda mai hatimi da ado, yana da yaƙinin ya cika doka, a duba a tarar babu ita a ko'ina. Duk inshorar mota da aka sayar da ita naira dubu biyu ko uku abar zargi ce tun daga farashinta. Tantancewa ba ta da wuya. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya tana da rumbun bayanai mai suna NIID, kuma da ƙaramar waya ma ana iya danna *565*11# a shigar da lambar mota a ga ko inshorar tana nan. A yi haka da zarar takarda ta zo hannu, a kuma gwada lambar shasin da ke rubuce da wadda ke jikin motar harafi bayan harafi, don kuskuren lamba ɗaya kan jawo jayayya mai tsawo ranar neman diyya.

Masu ƙyamar inshora saboda addini suna da mafita. NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful suna yankar inshorar mota bisa tsarin taimakekeniya, inda gudummawar mahalarta ke shiga asusu guda a biya wanda abu ya samu. Takardarsu karɓaɓɓiya ce a wurin hukuma kamar ta sauran, kuma sharaɗin sanar da canjin mota ya hau kansu su ma.

Mai sayarwa kuma akwai nasa aikin. Ya rubuta takardar ciniki mai kwanan wata da shaidu, ya riƙe kwafi, ya sanar da kamfaninsa a rubuce cewa motar ta bar hannunsa, kada ya haɗa takardar inshorarsa cikin ledar da zai miƙa. Ya kuma matsa wa mai saye ya kammala canjin mallaka a ofishin rajistar motoci, domin muddin sunansa na kan rajista, duk abin da motar ta aikata a hanyar Karaye ko cikin Kano, ƙofar gidansa za a fara ƙwanƙwasawa.